Kukan Kayoti Da Tsakar Dare: Nasiha Ga Ƙannena Masu Kwanan Daji A Amurka

Ƙannena maza da mata, da ku nake magana, musamman ku da karatu ko neman halali ya kai Amurka da Kanada. Cikin al'adun mutanen can akwai wadda za ta ba ku mamaki da farko. Mutum yana da gidansa mai wuta da ruwa da katifa mai laushi, amma ƙarshen mako na zuwa sai ya naɗe tanti, ya ɗauki jakar barci, ya nufi daji ya kwanta a ƙasa, kuma sai ya biya kuɗi kafin a ba shi wurin kwanciyar. A wurinmu kwanan daji na mafarauci ne da makiyayi da matafiyin da dare ya riska a hanya. A wurinsu hutu ne. Ba za a jima ba abokan karatu ko na aiki za su gayyace ku, kuma shawarata ita ce ku amsa. Ƙasar tasu cike take da duwatsu da tafkuna da dazuzzukan da bai kamata mutum ya yi shekaru kusa da su ya dawo gida bai sa su a ido ba.

Sai dai akwai abin da zai iya samun ku tun a daren farko, kuma gara ku ji shi kafin ku tafi. Wuta ta mutu, hira ta ƙare, kowa ya shige tantinsa ya ja zif. Can dare ya tsala, sai wata murya ta tashi daga cikin duhu, doguwa, siririya, tana hawa sama. Kafin ta sauka wata ta karɓa, wata ma ta karɓa, nan da nan daji ya rikice da haushi da ƙara da wani irin kuka mai kama da guɗar mata a gidan biki ta haɗu da kukan jarirai. Kunnenka zai ce maka sun kai ashirin, kuma ga su nan a bayan tanti. Tsakaninka da su ba komai sai ƙyallen da farce ma zai iya yagawa. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, baki ya bushe, barci ya yi nasa wuri. Wannan shi ne kayoti, karen dajin Amurka ta Arewa.

Ba zan ce kada ku ji tsoro ba. Magabata sun riga sun yi rabo: tsoro na daji, kunya na gida. Mu kuma tun daga gida muka taho da namu tsoron, domin da labarin kura aka raine mu, kuma labarin ba tatsuniya ba ce kawai. Kura babbar dabba ce, tana iya wuce kilo 60, haƙoranta na farfasa ƙashi, kuma an san ta da ɗaukar wanda ya kwanta a fili. Kakanninmu da suka dasa mana fargabarta suna da hujja. Abin da nake so ku gane shi ne wannan fargabar an ɗinka ta ne don wata dabba dabam. Babu kura a dazuzzukan Amurka. Kayoti ɗan'uwan dila ne na jini, kuma duk wanda ya ji tatsuniya ya san da wayo dila ya zama malamin daji, ba da ƙarfi ba. Haka shi ma kayoti yake rayuwa: da taka-tsantsan, da gudun fitina, da sanin wanda ya fi ƙarfinsa.

Girmansa bai wuce na matsakaicin karen gida ba. Nauyinsa daga kilo 9 zuwa 23 ne, na yammacin ƙasar sun fi ƙanƙanta, na gabas kuma sun fi girma saboda jininsu ya gauraya da na kyarkeci. Gashi ne ke ƙara masa kwarjini, musamman lokacin sanyi. Yana nan daga Alaska har Panama, kuma duk jihohin Amurka akwai shi in ban da Hawai. Ke nan duk inda kuka kafa tanti, ku ɗauka yana kusa, ko kun ji shi ko ba ku ji ba. Abincinsa ɓeraye ne da zomaye da 'ya'yan itace da ƙwari da mushe, da barewa idan ya samu dama. Tun shekarar 2000 wani masani mai suna Stanley Gehrt na jami'ar jihar Ohio yake jagorantar binciken kayotin da ke zaune a birnin Shikago da kewayensa, ana sa musu na'ura a wuya ana bin sawunsu. Abin da aka gano shi ne dubbansu na zaune a tsakanin miliyoyin mutane, suna tsallaka tituna, suna haihuwa a maƙabartu da filayen wasa, amma yawancin mazauna birnin ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Sun mai da fitarsu ta dare don kada su haɗu da mutum. Da aka duba kashinsu, abincin mutane bai wuce kashi 2 cikin 100 ba.

Wannan gudun mutane yana da dalili. Kayoti ya taso ne a ƙarƙashin wanda ya fi shi. Lokacin da aka dawo da kyarkeci gandun dajin Yellowstone a 1995, cikin 'yan shekaru yawan kayoti a arewacin gandun ya ragu da kusan rabi. Ɗan Adam kuwa ya fi kyarkeci yi masa ɓarna: fiye da ƙarni guda ana bin sa da guba da tarko da bindiga har da jirgin sama, kuma har gobe ana kashe dubban ɗaruruwa duk shekara a Amurka. Waɗanda suka rayu suka hayayyafa su ne masu jin warin mutum su canza hanya. Kura ma ta san gidan mai babbar sanda, balle dabbar da ba ta kai rabinta ba.

To, me kukan yake nufi? Nan ne nake so ku tsaya ku fahimta sosai, domin rashin sani ya fi dare duhu. Kayoti iyali yake yi: namiji da mace da 'ya'yansu na bana, wani lokaci da ɗaya ko biyu na bara. Da rana ko farkon dare kowa kan watse neman abinci, sai kukan ya zama kiran taro, da kuma sanarwa ga maƙwabta cewa wannan yanki yana da masu shi. Wasu iyalin su amsa daga nasu ɓangaren. Magana ce tsakaninsu, ba da kai ake ba. Ku yi tunani ma da hankalinku: dabbar da ke farauta ba ta shelar zuwanta. Mai neman ɓera a cikin ciyawa shiru yake buƙata. Duk lokacin da kuka ji suna ta kuka, to hankalinsu na kan junansu.

Yawan da kunne ke ƙirgawa ma yaudara ce. Kowane ɗaya yana sauya murya da sauri, ya hau ya sauka, ya katse ya ci gaba, duwatsu da itatuwa kuma su maido da amo, sai biyu su zama kamar bakwai. A 2017 masu bincike a jami'ar Texas A&M reshen Kingsville sun wallafa sakamakon wani gwaji: sun sa wa mutane sama da 400 faifan kukan kayoti daga ɗaya zuwa huɗu, suka ce su faɗi adadi. Kusan ninki biyu mutanen suka riƙa faɗi, kuma a zaune lafiya suke, ba cikin tanti da tsakar dare ba. Haka nan nisa. A dare mai sanyi marar iska kukan yana tafiya fiye da kilomita guda, ya iso kunnenka tangaram kamar daga bayan ƙyalle. Saboda haka idan zuciya ta ce maka ashirin ne a bakin tanti, ka ce mata watakila uku ne a ƙetaren kwari.

Yanzu bari in faɗa muku ɓangaren da ba shi da daɗi, domin nasihar da ta ɓoye gaskiya ba ta da amfani ranar da ake buƙatarta. Kayoti ya taɓa kashe mutum. Sau biyu aka tabbatar da haka a tarihin Amurka da Kanada. Na farko a 1981, wata yarinya 'yar shekara uku a ƙofar gidansu a Glendale ta jihar Kalifoniya. Na biyu a watan Oktoba na 2009, wata mawaƙiya 'yar Toronto mai shekara 19, Taylor Mitchell, tana tafiya ita kaɗai da rana a gandun dajin Cape Breton Highlands da ke Nova Scotia. Rai biyu ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na ambatarsu don in rage musu daraja. Amma ku auna. Miliyoyin mutane ke kwana a daji duk shekara a waɗannan ƙasashe, kuma babu ɗaya cikin mutuwar biyu da ta faru a cikin tanti. Karen gida kuwa, wanda kuke wucewa ta gabansa kullum a unguwa, yana cizon kimanin mutum miliyan 4.5 a shekara a Amurka, yana kuma kashe gommai.

Abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne dalili. A Glendale an gano cewa mutanen unguwar sun daɗe suna ajiye wa kayoti abinci, har suka taru suka cika wurin suka daina tsoron kowa. Irin haka ta sake faruwa a lambun Stanley Park na birnin Vancouver, inda tsakanin Disamba 2020 da ƙarshen Agusta 2021 aka ciji kimanin mutum 45, har da yara, kuma hukumomi suka ɗora babban laifin a kan masu ciyar da dabbobin. Daga ƙarshe sai da aka riƙa rufe lambun da daddare aka kashe wasu daga cikinsu. Cape Breton ce ta fita dabam. Binciken da Gehrt da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya nuna cewa ƙananan dabbobi sun yi ƙaranci a wurin, sai kayotin suka koma farautar mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa da ta kai girman doki, har ta zama fiye da rabin abincinsu. Wanda ya saba kayar da irin wannan ba zai ga girman mutum ya ja da baya ba. Yanayi ne na musamman, kuma shi ya sa nake cewa duk gandun da kuka shiga ku tambayi jami'ansa halin da ake ciki. Amma a kusan ko'ina, hanyar da kayoti ke bi ya zama haɗari guda ce: hannun mutum ya ba shi abinci, ya koyi cewa inda mutum yake nan abinci yake. Sabo turken wawa, kuma a wannan harka mutum ne ke kafa turken.

Ga inda maganata ta dosa, ƙannena. Mai kuka daga nesa ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne wanda ya zo shiru, da rana tsaka ko da magariba, ya tsaya kusa da teburin cin abinci yana kallon ku bai gudu ba. Kuma maganinsa ba a tsakar dare ake yi ba, tun rana na sama ake yi. Tsoron da za ku kwana da shi, ku kashe shi kan aiki kafin duhu.

Ku isa zango da sauran rana. Wannan kaɗai yana rage rabin fargaba, domin wurin da ka gani da idonka da haske ba ya zama dodo da daddare. Ka zagaya, ka san ina rafi yake, ina hanya, ina mota, ina bayan gida, wace bishiya ce reshenta ke goga wani idan iska ta kaɗa. Ka karanta allon sanarwa na bakin zango, ka gaisa da jami'in gandun ka tambaye shi ko an ga dabbar da ta saba da mutane a 'yan kwanakin nan. Ba sa gajiya da wannan tambaya, aikinsu ke nan.

Sai batun abinci, wanda shi ne uwa uba. Kada ko ƙwayar gyaɗa ta kwana a tanti. Mu musamman sai mun kula, domin girkinmu ba ya ɓuya: daddawa, busasshen kifi, man shanu, yaji, dambun nama, soyayyar albasa. Hancin da ke jin ɓera a ƙarƙashin ƙanƙara ba zai rasa waɗannan ba. Idan a cikin daji sosai kuke, ku yi girki nesa da wurin kwana, kamar taku 70, inda ake da beyar kuma a ƙara nisa, kuma ta ɓangaren da iska ba za ta kwaso ƙamshin ta bi da shi kan tanti ba. Ku wanke tukunya da kwano a daren, kada a ce sai da safe. Ragowar abinci da shara a ƙulle su a kai akwatin ƙarfen da ake tanada a zango, ko cikin mota idan dokar wurin ta yarda. Abin da mutane ke mantawa shi ne dabba ba ta bambance abinci da mai ƙamshi: man goge baki, sabulu, man shafawa, turare, duk a haɗa su a fitar. Na san raba Bahaushe da turarensa abu ne mai wuya, amma na dare ɗaya ne. Rigar da aka yi suya da ita ma a cire ta kafin a kwanta. Wannan tsari ba don kayoti kaɗai ba ne. A gaskiya beyar ce babbar dalilin da ya sa aka kafa shi, kuma ita ce ta fi cancantar a yi mata shiri.

A cikin tanti kuma a kwana, a ja zif. Ƙyallen da kuke rainawa yana aiki fiye da yadda kuke zato, domin a idon dabba tanti wani babban abu ne da ba ta san kansa ba, mai warin mutum. A wannan gandun na Cape Breton, a 2010, kayoti ya ciji wata budurwa a ka tana barci a fili ba tanti. Ta rayu, amma darasin a bayyane yake. Kwana a sarari ana kallon taurari yana da daɗi, sai dai a bar shi sai an san wurin an kuma tambayi masu shi.

To an yi duk wannan, an kwanta, kuka ya tashi, gaba ya faɗi. Me za a yi da zuciya? Da farko ka sani cewa jikinka aikinsa yake yi. A 2016 masu binciken barci a jami'ar Brown sun nuna cewa a daren farko a baƙon wuri, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ba ya nutsewa cikin barci kamar na dama, yana zaman gadi, ƙaramin motsi ya tashe shi. Ke nan rashin barcin daren farko ba ragwanci ba ne, haka aka halicce mu, kuma dare na biyu yakan fi sauƙi. Ga shi kuma idan ido ba ya gani kunne kan ƙara gishiri. Ɓera a kan busasshen ganye sai ka rantse mutum ne ke takawa.

Ka kwanta yadda kake, ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja. Fitar da numfashi a tsawaice yana saukar da bugun zuciya, abu ne na jiki ba na camfi ba. Sannan ka ba hankalinka aiki: maimakon ka guje wa kukan, ka saurare shi. Ka yi ƙoƙarin rarrabe muryoyin, ka gane daga wace kusurwa suke, ka lura ko akwai masu amsawa daga wani gefen. Za ka ga minti ɗaya ko biyu ne su yi shiru. Mai saurare don ya gane ba ya firgita kamar mai saurare don ya tsira. Tocila da usur da takalmi su kasance inda hannu zai kai gare su ba lalube, domin sanin cewa suna nan ma kwanciyar hankali ne. Musulmi ya san akwai addu'ar da aka koyar ga wanda ya sauka a wani masauki, tana cikin Sahihu Muslim, ku haddace ta kafin tafiya, ku haɗa da azkar na kwanciya. Kirista ma yana da tasa addu'ar. Wanda ya ɗaure kayansa yadda ya kamata sannan ya miƙa lamarinsa ga Allah, barcinsa dabam ne. Idan kuma kuna da yawa, ka yi magana. Ka kira na tantin kusa ka ce, “Ka ji su?” Muryar mutum tana kwantar da hankalin mutum, tana kuma sanar da dabba cewa akwai mutane a nan.

Abin da nake roƙon ku kada ku yi shi ne tashi da tsakar dare a naɗe kaya a gudu. A nan ne tsoro ke yin ɓarnar da kayoti bai yi ba. Mai tafiya cikin duhu a firgice shi ke gurɗe ƙafa, shi ke ɓata hanya, shi ke faɗawa rami. Idan ya kai mota kuma ya hau titi ido na lumshewa, a lokacin da barewa ke tsallaka hanya. Motoci na karo da barewa fiye da sau miliyan guda a shekara a Amurka, kuma mutanen da ke mutuwa a irin wannan haɗari duk shekara sun haura 100. Idan abin ya gagara kuma motar na kusa, ka shiga ka kwanta a ciki, inji a kashe, ka jira gari ya waye. Ba abin kunya ba ne. Haka nan kada tsoro ko sanyi ya sa ka kunna risho ko gawayi a cikin tanti. Hayaƙinsu na ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe sama da mutum 400 a shekara a Amurka. Sanyi ma kansa ya fi kayoti haɗari nesa ba kusa ba, musamman ga wanda ya taso a Kano ko Damagaram bai san yadda dutse ke yin sanyi da asuba ko a tsakiyar bazara ba. Ku kashe kuɗi kan jakar barci mai kyau da shimfiɗar da za ta raba ku da ƙasa.

Idan kuwa kun yi ido biyu da shi, wataƙila lokacin fita alwalar asuba, domin ketowar alfijir da faɗuwar rana su ne lokutan zirga-zirgarsa, to ga abin yi. Yawanci kafin ka gama ganinsa ya ɓace. In ya tsaya, ka tsaya kai ma, ka fuskance shi, ka ɗaga hannuwa ko riga don ka ƙara girma, ka daka masa tsawa da murya mai kauri, ka tafa, ka busa usur, ka haska masa tocila, ka jefa dutse kusa da shi. Ka bar masa hanyar fita, kada a yi masa ƙawanya. Kada ka juya baya, kuma kada ka gudu ko da wasa. Gudu yana tayar masa da ɗabi'ar bi, ga shi yana iya kaiwa kilomita 60 a sa'a, ba wanda zai tsere masa. In da yaro a wurin a ɗauke shi sama nan take. Yara ƙanana da ƙananan karnuka su ne ainihin waɗanda ke cikin haɗari, don haka yaro ba ya nisa da babba, kare kuma ba ya rabuwa da igiya, kuma a tanti yake kwana.

Akwai lokaci guda da tsawa ba ita ce dabara ba. Suna barbara tsakanin Janairu da Maris, ciki wata biyu ne da 'yan kwanaki, ana haihuwa wajen Afrilu da Mayu. Daga nan zuwa tsakiyar bazara, idan ka bi kusa da raminsu, uba ko uwa na iya biyo ka daga nesa, ka tsaya ya tsaya, ka tafi ya biyo. Abin da ban tsoro, amma rakiya ce yake maka har ka fita daga inda 'ya'yansa suke. Ka ci gaba da ja da baya a natse kana kallonsa, ka bar masa wurin. Wanda kuma ka gani yana tangaɗi, ko yana dalalar da miyau, ko ya rikice bai san inda yake ba, kada ka kusance shi ko kaɗan, ka sanar da jami'ai. In har cizo ya faru, ko yaƙushi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar. Ciwon haukan kare mun san shi tun a gida: idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi, amma allurar da ake yi da wuri tana hana shi. Lambar gaggawa a ƙasashen biyu 911 ce, sai dai ba ko'ina waya ke samun layi a daji ba, don haka kafin ku tafi ku gaya wa wani inda za ku da ranar dawowa.

Saura magana biyu, kuma ga samari na fi nufa da su. Ta farko, kada ku yi wa mai jin tsoro dariya. Wanda aka kunyata yau gobe ba zai faɗi abin da ya gani ba, ko kuma ya yi wautar nuna jarumta. In ƙaninka ko abokinka ya tashe ka ya ce ya ji motsi, ka tashi ka haska tare da shi, ka bayyana masa abin da ka sani. Ta biyu ta fi nauyi. Kada neman hoton da za a ɗora a Instagram ko TikTok ya sa ka jefa wa kayoti guntun nama don ya matso. Ciyar da namun daji laifi ne a gandayen gwamnatin tarayyar Amurka, tararsa na iya kaiwa dala 5,000 ko ɗaurin wata shida, a Kanada kuma tana iya kaiwa dala 25,000 na ƙasar. Ɗalibin da ke zaune da biza ba ya buƙatar sunansa a takardar kotu. Amma ko babu doka, ka duba abin da ka aikata. Kai za ka naɗe tantinka ka tafi da hotonka. Dabbar da ka koya wa roƙo tana nan, kuma mako mai zuwa iyali ne masu ɗan shekara uku za su sauka a inda ka tashi. Idan ta ciji yaron za a harbe ta. Ka cuci yaro, ka cuci dabba, kuma ba wanda zai san kai ne sai Allah.

Don haka idan an gayyace ku, ku shirya ku je, ku tafi da 'yan'uwanku da ba su taɓa zuwa ba. Ku kwashe shararku kaf kafin ku bar zango, har ɓawon lemo da ruwan wanke-wanke mai maiƙo. In kun ga kayotin da ba ya gudun mutane, ku tsaya a ofishin gandun ku faɗa kafin ku kama hanya, ko da kuna sauri. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.